Maginin da Ya Sa Muka Rushe Gidajenmu da Hannunmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan kawuna, taubashina, tsohon maginin unguwarmu a nan Gusau, ya riga mu gidan gaskiya a kakar bana, gero yana kwance a gona ba a kai ga ɗaure shi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya fi duk ɗakin da ya taɓa ginawa sanyi da yalwa.

Kwanakin zaman makoki a bakin ƙofar matarsa na yi su, ina kallon masu shigowa. Ni unguwarzoma ce, kuma wadda ta ƙare ƙarfinta tana duban fuskar mai naƙuda ba a yi mata kukan ganin ido. Na ga masu kukan gaske, na ga waɗanda tuwo ya kawo, kowa na san inda na ajiye shi. Danginmu na Karakkai sun zo cike da akori-kura, har da tsofaffin da na ɗauka sun daina fita. Matan Ruwan Bore sun iso da ƙafa, bakin zannuwansu jiƙe da raɓa. Wani tsohon Bafulatani, wanda marigayin ya taɓa gina wa rumbu a rugarsu, ya ajiye ƙwaryar nono a ƙofar gida, ya daɗe tsaye dafe da sandarsa, ya ce, "Mai ƙasa ya koma ƙasa." Ya juya ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Abin da ya ba ni mamaki dariya ce. Mace za ta shigo da hawaye, ta yi gaisuwa, ta zauna, can sai wata ta ce, "Kun tuna ranar rushe-rushe?" Sai ɗaki ya ɗauka. Na tsawata, na ƙara tsawatawa, daga baya ni ma na ja bakin mayafi na toshe bakina. Matarsa ta ce, "Yaya, ƙyale su. Da yana nan, shi zai fi kowa."

Ana cikin haka wata amarya da aka kawo unguwar bara ta matso kusa da ni ta ce, "Inna, wai me ya yi ne haka jama'a suka cika mana layi?" Na dube ta sama da ƙasa. Azarar da take kwana a ƙarƙashinta, da hannunsa ya jera ta. Ko shekara biyu ba a cika da ginin ba, har an samu mai tambaya! Shi ya sa na zaunar da matar ɗana da biro da takarda. Ni ban taɓa shiga aji ba. Baki nawa ne, hannu nata, kuma na gaya mata idan ta gyara mini magana zan gane.

Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara muke wasan taubasai. Shi ya ce ni baiwarsa ce, ni na ce shi bawana ne, har ya mutu ba a yanke wannan shari'a ba. Ba ya kirana sai da "Baiwa". Ni kuwa "Tsintau" nake ce masa, don mutum ne da ba ya wuce ƙusa a ƙasa. Aljihun rigarsa kullum a yage. Zai tsinci lanƙwasasshiyar ƙusa, ya zauna ya miƙe ta da dutse, ya ce, "Ita ma ba da son ranta ta lanƙwashe ba." Tsingaro, guntun igiya, ƙarfen mataccen keke, komai yana da ranarsa a wurinsa. Idan aka ce masa katanga ta tsufa, sai ya ce, "Katanga ke tsufa, ƙasa ba ta tsufa. Ba ta ruwa ka gani."

Idan ruwan sama ya sauko, kowa na gudu ɗaki, shi sai ya kifa malfa ya fita, yana bin ruwan lungu-lungu kamar mai neman ɓatacciyar akuya, har ya raka shi kududdufin bayan unguwa. Na ce, "Tsintau, ruwan ma tsintarsa za ka yi?" Ya ce, "Gaisuwa nake kai masa. Maginin da bai san inda ruwa ke kwana ba, a ɗakinsa zai kwana."

Shekarar da maigidana ya rasu, gab da faɗuwar damina, na ji takun mutum a saman ɗakina da hantsi. Na fito da taɓarya ina cewa, "Wane ne?" Ya leƙo, hannu duk laka, ya ce, "Ɓarawo ne. Yoyonki na zo sacewa." Ashe haka yake yi wa duk matan da mazansu suka mutu a unguwa, ba a kira shi ba, ba ya tsayawa a gode masa.

Amma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Yana da taurin kai, kuma idan abu ya yi masa daɗi, ƙafarsa na riga kansa tafiya.

Sai aka ba mu jiha. Kai! Wanda bai ga Gusau a ranar nan ba bai ga murna ba. Ganguna, babura, guɗa ta ko'ina, mai shayi yana zuba wa wanda bai sani ba. Shi da furfurarsa sai da ya taka rawa a bakin titi, malfa a hannu, yana cewa, "Baiwa, mun zama babban birni, sai ki fara wanke ƙafa!" Kafin a ce me, gari ya cika. Ma'aikata suka kwaso daga Sakkwato, kowane shago ya koma ofis, motoci suka fi ƙarfin hanyoyinmu.

Wata damina ta zo ta wuce, sai ga mutanen ofishin tsara gari da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Za a fitar da sabon titi, ta gefen unguwarmu zai bi. Duk katangar da aka shafa wa ja, katafila za ta ci ta kafin ruwa ya sake faɗuwa. Gidana yana ciki. Aka ce za a ba mu filaye can bayan gari, ta hanyar Bungudu. Ba mu ƙi titi ba, wa zai ƙi arziki? Amma na je na gano filayen da idona. Ba rijiya, ba inuwa, idan ka yi ihu sai tsuntsaye su amsa. Ni da na karɓi haihuwar rabin unguwa, a kai ni inda ko kukan jariri ba zan ji ba? Abin da ke gabanmu ke nan: ko mu tsaya tare a unguwar iyayenmu, ko mu watse kamar 'yan tsaki shirwa ta sauko.

Samarin unguwa suka ce abin mai sauƙi ne. A bar katafila ta rushe, a tura ɓaraguzan a cike kududdufi, a yi gini a kai da bulo. Taubashina ya miƙe a ƙofar masallaci, muryarsa har cikin gidaje muka jiyo ta: "Ku cike wa ruwa gidansa, mu ga a gidan wa zai tare!"

Shi nasa tunanin daban ne. A tsakiyar unguwa akwai wani ƙaton kango, gidan kakanmu, wanda tun da iyayenmu suka watse ya zama makwancin awaki da wurin zubar da shara. Ba mai iya taɓa shi, domin magada suna da yawa, wasu a Karakkai, wasu a Ruwan Bore, wasu can 'Yankuzo a ƙasar Tsafe. Ya ce a nan za a zaunar da duk wanda jan fenti ya taɓa. Kuma ba za mu jira katafila ta niƙe mana azara da ƙyamare ba. Mu za mu rushe gidajenmu da hannunmu, mu kwashe ƙasar, mu jiƙa ta, mu tayar da ita a kango.

Ya jawo babban ma'aikacin tsara garin har cikin kangon, ya tsuguna yana zana masa a ƙasa da kara. Ni ina bayan zana ina ji. Ma'aikacin mutum ne mai natsuwa, shi ma ya naɗe riga ya tsuguna. Katanga ɗaya tsakanin gida biyu, ya yarda. Rijiya ɗaya ta kowa, ya yarda. A bar kududdufi a ja masa magudana, ya ce abin da yake so ke nan. Sai ya ɗora yatsa a kan lungun da aka zana, ya ce, "Baba, wannan ya yi ƙunci. Idan mace ta kasa haihuwa, ta ina mota za ta shigo?"

Taubashina ya ce, "Jaki da mangala na wucewa."

Na ce daga bayan zana, "Ba jaki ke naƙuda ba!"

Ya yi tsaki, ya share, ya faɗaɗa. Ma'aikacin ya ƙara da cewa sai an nisanta masai da rijiya. Taubashina ya yi ta guna-guni, amma ya bi, kuma daga baya idan yana nuna wa baƙi, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro. Ma'aikacin ya ce a kawo yardar magada duka a gaban mai unguwa, shi zai kai maganar sama. Katafila kuwa ba zai iya riƙe ta ba, lokacinta na yi za ta zo.

To, nan ƙafar ta riga kan. Da ya shawarce ni, da na gaya masa. Ya sayi goro ya faɗa mota sai Karakkai, wurin tsofaffin maza 'yan'uwanmu. Suka yarda. Ya wuce Ruwan Bore, suka yarda. Ya bar 'Yankuzo a ƙarshe, don a ganinsa wa ke can? Auta. Autar kakanmu ce, wadda aka haifa masa da tsufa, har taubashina ya girme ta, shi ya yi ta goyonta suna yara. Ya manta cewa ita kaɗai ta rage a 'ya'yan mai gidan. Mu duka jikoki ne. Shi gwaggonsa ce, ni innata ce. Ita ya kamata a fara durƙusa wa, sai ga shi labari ya riga shi isa a bakin 'yan kasuwa. Ya je, ta ƙi karɓar goro, ya dawo kamar kazar da ruwa ya doka.

Na ɗauki mayafi na ce mu koma tare. Muka same ta a inuwar rumbu tana kaɗi. Bai ko gama sallama ba ya ce, "Haba Auta..."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gidanga babu Auta. Mi ya kawo ku?"

"Maganar kango ce."

"Kangon ubana ko na ubanka? A bakin masu sayar da daddawa zan ji an raba gidan ubana?"

Ya ce, "Ni fa na goya ki!"

Ta ce, "Jaki ma yana ɗaukar liman, bai taɓa jan salla ba."

Na ja shi waje. Na ce, "Cire takalmi, ka durƙusa, ka ce Gwaggo."

"Ni? Yarinyar da na share wa majina?"

"To, koma ka share wa katafila."

Bai durƙusa ba ranar. Amma idonsa ya riga ya ga rumbunta ya tsage tun daga wuya har gindi, kuma shi ba ya iya wuce tsaga. Ya nemi ƙasa, ya kwaɓa, ya hau gyara. Muka zauna a 'Yankuzo yana aiki, ba ya yi mata magana, ba ta yi masa, sai dai ta aika masa da fura, kuma ina lura da wadda ta fi nono take aikawa. Ranar da ya gama, ya wanke hannu, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo gabanta ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara kamar ana karya kara. Ya ce, "Gwaggo, ɗanki ya yi kuskure. Izini na zo nema."

Ta bar shi a ƙasa sai da zarenta ya kai inda take so. Sannan ta ce, "Tashi, ɗana, kada ƙashinka ya karye a ce ni ce." Ta miƙa hannu ta karɓi goron. Ta ce, "Na yarda, amma da sharaɗi. Bayan ɗakunan mata, gindin durumi, nan aka binne cibiyar kowa. Ta ubanka na nan, ta uwar wagga na nan, tawa na nan. Ba a aza tubali a wurin."

Ya buɗe baki zai ce wuri ba zai isa ba. Na riga shi. Na ce, "Gwaggo ta yi gaskiya." Ni na san abin da nake faɗa. Da hannuna nake wanke mabiyiyar jariri, in haƙa rami a bayan ɗakin uwarsa in rufe ta da bisimilla. Ba abin da za a tona da diga ba ne don a kafa harsashi.

Da muka dawo aka sake awo, sai ga shi idan aka bar gindin durumi, wurin gida ɗaya ya kasa. Mai unguwa da dattawa suka zauna. Suka ce masu ƙananan yara su ne gaba. Ni kuwa babban ɗana ya riga ya zaɓi filin bayan gari da kansa, yana da babur, yana son gidan bulo, sai in bi shi. Aka zo aka gaya mini. Na amince. Ni na goyi bayan sharaɗin da bakina, ba zan tofar da yawu in dawo in lashe ba.

Taubashina ya ce, "Baiwa, kin ga abin da bakinki ya ja miki."

Na ce, "Bakina ne, ba naka ba."

Ya sa kai ya wuce. Na ɗauka zai ƙara ko kalma ɗaya. Bai ƙara ba, kuma abin ya yi mini ciwo.

Sai ranar gayya. Wayyo Allah, ranar rushe-rushe! Gari na wayewa gangar gayya ta tashi. Mutanen Karakkai suka shigo da jakuna a jere, na Ruwan Bore da amalanke, Gwaggo ta aiko da 'ya'yanta da buhun dawa. Mata muka kafa manyan tukwane a bakin layi. Shi kuwa yana tsakiya, riga a ɗaure a ƙugu, yana ba da umarni kamar sarkin yaƙi: "Ƙyaure tukuna! Taga tukuna! Kai, wa ya ce ka taɓa katanga rufi na sama? So kake mu yi jana'iza?" A cire ƙyamare, a hau sama a kankare ƙasar rufi, a zaro azara ɗaya bayan ɗaya, hannu zuwa hannu, ta kowane gida a jingine ta daban. Sannan maza su jeru, mai ganga ya ƙara wuta, a ce "Ya Allah!" katanga ta kwanta, mata mu rangaɗa guɗa. Mutanen da ke wucewa suka tsaya baki buɗe. Wata ta ce, "Waɗannan lafiyarsu kuwa? Gidansu na faɗuwa suna guɗa!" Na ce mata, "Wuce, ba ki san abin da ake ciki ba."

Maƙwabcina, magidanci da gemunsa, ya ɗaga diga zai sari ɗakin mahaifinsa, sai hannu ya ƙi sauka, hawaye suka zubo. Taubashina ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba kashe shi za ka yi ba, ƙaura za ka yi da shi. Sara!" Ya sara.

Ba abin da aka zubar. Jakuna suka yi ta jigilar ƙasa zuwa kango, a jiƙa ta da ruwan kududdufin nan da aka so cikewa, a zuba ciyawar ramno, maza su shiga da ƙafa suna cuɗawa, a dunƙula tubali a shanya. Baƙar ƙasar madafi da hayaƙi ya ci, mutanen Ruwan Bore suka loda ta a amalanke, taki ne a gonarsu. Fasassun tukwane aka shimfiɗa su a cikin magudana. Ni ma na ɗauki taɓarya na kai wa katangata dukan farko, ba na son a ce wani ya riga ni. Aka jingine azarata da ƙyaurena a gefe, suna jiran motar da ɗana zai kawo.

Daga nan gini ya kankama. Waɗanda aka rushe wa suka raɓa a ɗakunan maƙwabta da rumfunan zana, kullum ka duba katanga ta ƙara tsawo. Da aka yi rufi, mu mata muka shiga daɓe, madaɓi a hannu, ana zuba ruwan makuba na ɓawon ɗorawa ana bugu ana waƙa, kowace tana yi wa mijin wata habaici. Ni ina daɓe wa mutane ɗakunan da ba zan kwana a cikinsu ba, amma wallahi ban bar kowa ta fi ni bugu ba.

Ranar da katafila ta iso, unguwa duka muka fito. Ta taho tana ruri, ƙasa na girgiza, ta tsaya. Direban ya sauko, ya duba gabas ya duba yamma, fili fetal, ko guntun kara babu. Ya ce, "Ina gidajen da aka ce in rushe?"

Taubashina ya nuna masa sababbin soraye da haɓa, ya ce, "Sun tashi. Sun ce a gaishe ka."

Ma'aikacin tsara gari ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Guɗar da aka yi ranar, na tabbata an ji ta a tasha.

Ana gobe ɗana zai kawo mota, aka aiko daga Karakkai ɗiyar ƙanwata na kan gwiwa. Na tafi, na karɓi haihuwa, na tsaya har aka yi suna aka ɗan kwana biyu ana wankan jego, don ba na ɗokin dawowa in yi ban kwana. Da na dawo, na nufi inda aka jingine kayana. Wayam. Ba azara, ba ƙyaure. Raina ya tashi. Na ɗaure mayafi a ƙugu na nufi gidansa ina faɗa tun daga bakin lungu: "Ina Tsintau? Yau har kayana ka tsinta?"

Sai na ci birki a ƙofar zaurensa. Zauren nan shi ne abin alfaharinsa. Da ƙuruciyarsa ya gina shi, da lanƙwasasshen rufin da magina ke kira bakan gizo da zane a goshinsa, magina na zuwa daga nesa su tsaya su ƙare masa kallo. Nan yake karɓar baƙi, nan yake cin tuwo da abokansa. To, ƙyaurena ne rataye a ƙofarsa. Ƙofar ciki, wadda ke shiga gidan, an toshe ta da tubali an shafe. A gefe an ja 'yar katanga, an rufa madafi da makewayi da azarata. Shi kuma ya huda wa gidansa wata 'yar siririyar ƙofa ta lungu, mai kwana, don kada na waje ya hango cikin gida.

Yana zaune a kan tabarma yana miƙe ƙusa, ko kallona bai yi ba.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Ɗakin bayi."

"Magidanci kamarka ba zaure? Ina za ka karɓi baƙi?"

"Gindin durumi, kusa da cibiyar ubana. Ai ke kika sa aka bar mana wurin."

"Ɗana fa?"

"Na je na same shi. Mai ɗakina ma ita ta yi miki daɓe. Kuma kada ki ɓata bakinki, wannan karon da Gwaggo na fara." Sannan ya ɗago, ya ce, "Wa ya taɓa ganin baiwa ta yi nisa da ubangijinta? Wa zai yi mini shara?"

Taubasai ba sa godiya. Na shiga na dudduba, na fito na ce, "Tagar ta karkace."

Ya ce, "Idonki ne ya karkace."

Na koma ciki na turo ƙyaure. Abin da na yi a ciki ba na takarda ba ne.

Damina biyu muka yi a haka. Ruwa ya bi magudanarsa har kududdufi, ba ɗakin da ya yi yoyo, motar asibiti ta shiga lungun nan ta fito ba ta goga katanga ba. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya wai ya zama mai gida ba ƙofar gida, yana zaune a gindin durumi yana rama wa kowa.

Ciwon nasa bai yi tsawo ba. Da safe ya cika. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, maza suka ɗauko shi za su fitar da shi inda makara ke jira. Sai 'yar ƙofar nan mai kwana ta ƙi. Aka juya ta nan, aka juya ta can, gawa ba ta lanƙwasa. Mutumin da ya yi wa ruwa hanya, ya yi wa mota hanya, bai bar wa kansa ta fita ba. Maza suka tsaya cirko-cirko, wani na cewa a fasa katangar lungu, wani na cewa a haura da shi ta sama.

Na ce, "Ba za a haura da shi katanga kamar ɓarawo ba. Magidanci ta zaurensa yake fita."

Na koma ɗakina na janye gadona, na naɗe tabarma, na nuna musu inda tsohuwar ƙofa take. Suka zare tubalin. Aka wuce da shi ta ƙarƙashin bakan gizonsa, ta gaban tukwanena, ya fita ta ƙyaurena. Da ya zo daidai inda nake tsaye na ce a hankali, "Sauka lafiya, bawana." Karon farko ke nan da na faɗa bai rama ba.

Bayan an share makoki, 'ya'yansa suka zo da laka za su mayar da toshiyar. Na ce su bar ta. Matarsa na takaba, ita kaɗai a cikin gida, ni kaɗai a nan. Yanzu ta ƙofar nan take miƙo mini koko, ni in miƙa mata wuta.

Ya Allah, bawanka ne kafin ya zama nawa. Ya hana mu watsewa a duniya, Ka tara shi da iyayenmu a inuwar da ba ta gushewa. Wanda ya karanta, ko aka karanta masa, ya yi masa Ƙulhuwallahu, ya kuma sa mu a ciki, mu da ke jiran namu kiran. Amin.